Furobayotik, antibayotik ko jiƙon gida: wanne ya dace da 'yan aladu lokacin yaye?

Duk wanda ya taɓa yaye 'yan aladu yasan wannan safiyar, kwana huɗu ko biyar da raba su da uwar, ka shiga ɗaki da bokitin abinci sai kaga bango duk an fesa masa kashi kaman ruwa, guda biyu sun lafe a kwana gashi ya tashi ido ya faɗa ciki, jiya-jiya fa suke tsalle. Toh daga nan ne ake rugawa shagon maganin dabbobi, kuma yanzu in kaje mai shago zai jera maka abu uku ko huɗu, ga antibayotik na zubawa a ruwa, ga wani ƙunshi da yace furobayotik ne, wato ƙwayoyin halitta masu amfani ga hanji, sabon yayi, wani ma zai ce ka haɗa da zink, ka dawo gida kuma Mama tace duk ɓarnar kuɗi ne a jiƙa musu dusa tayi tsami kaman yadda ake yi tun da. Ni nan wajen Kafanchan nake kiwo, kusan duk na gwada su, shine nace bari in baje su a faifai kowa ya zaɓa daidai aljihunsa da yanayin gidansa. Nasan da yawa cikin masu karanta Hausa basa harkar alade sam, amma mai kaji ma in ya daure zai tsinci abin amfani, dan labarin hanji kusan ɗaya ne.

Sai an fahimci abinda ke faruwa a cikin cikin ɗan aladen kafin zaɓin yayi ma'ana. Lokacin da yake shan nono, sukarin da ke cikin nonon ne ƙwayoyin halitta masu amfani ke juyawa ya zama tsami, wannan tsamin shi ke tsare tumbi, ga kuma kariya da yake samu daga nonon kullum. Ranar da ka yaye shi duk wannan ya yanke lokaci ɗaya, ka canza masa ɗaki, ka haɗa shi da 'ya'yan wata uwar suna ta cizon juna, ka aje masa busasshen gari da bai saba ba. Sai yayi kwana ɗaya ko biyu bai ci kirki ba, bangon hanjin ya lalace, tsamin tumbi ya ragu, ranar da yunwa ta ishe shi ya cika ciki fam da abincin da bazai iya narkarwa ba, abincin ya wuce ƙasa ya zama biki ga ƙwayar cutar E. coli, musamman irin da likitoci ke kira F4 da F18 masu manne wa bangon hanji suna sakin dafi da ke jawo ruwa daga jiki. Sati biyun farko bayan yaye sune kan gaɓa. Duk gardamar da ake yi akan waɗannan kwanakin ne.

Bari in fara da antibayotik tunda shi muka fi sani. Gaskiya yana aiki, wanda yace maka baya aiki bai taɓa ganin ɗan alade da ya kusa tafiya ya miƙe bayan allura biyu ba. In gudawar E. coli ta riga ta kama, dabba ta daina ci jiki yayi zafi, babu wani furobayotik a duniya da zai maye gurbinsa, likitan dabbobi zaka nema ya duba ya zaɓi wanda ya dace, ka kuma ba su ruwan gishiri da sukari dan rashin ruwa ne ke kashe su kafin ma cutar, lita 1 na ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, irin dai wanda ake haɗa wa yara. Matsalar tana wajen ɗabi'ar da muka koya ta zuba shi kullum a ruwa ko abinci wai dan kar su kamu, kaɗan-kaɗan wata da watanni. Da farko zakaga kaman ka gano sirri, bayan zagaye uku ko huɗu sai kaga antibayotik ɗin oksitet da ke tsayar da gudawa a kwana biyu yanzu ko gezau, ka koma wani, shima ya gaji, garin neman ƙiba an samo rama. Kuma baya tantance na kirki da mugu, duk share su yake, ranar da ka tsayar hanjin ya zama fili babu mai gadi.

Turawa sun riga mu shiga wannan ramin. Suwidin ta hana saka antibayotik a abinci dan ƙiba tun 1986, Tarayyar Turai gaba ɗaya ta bi a farkon 2006. Akwai wani mai suna kolistin da har yanzu zaka ganshi cikin garin maganin zawo a shaguna, a 2015 aka gano a aladun ƙasar Sin cewa E. coli ta samu hanyar jure masa kuma tana iya miƙa wannan juriyar ga wasu ƙwayoyin, alhali shine maganin da asibiti ke ajiyewa na ƙarshe dan mutum in komai ya gaza, a 2017 Sin ta hana saka shi a abinci dan ƙiba. Amma akwai ɓangaren labarin da masu tallan furobayotik basa so su faɗa, lokacin da Denmak ta cire antibayotik daga abincin 'yan yaye wajen shekarar 2000 gudawa ta ƙaru, sai da suka koma suna yawan yi wa marasa lafiya magani, suka gyara tsabta da tsarin abinci da lokacin yaye kafin abin ya daidaita. Kenan in ka cire shi yau baka gyara komai ba, ka shirya haƙa rami.

Zink kuma, wato zink oksaid, ba zan daɗe a kansa ba. A yawan da ake ba shi dan gudawa, wajen kilo 3 a tan ɗaya na abinci na kwana 14 kacal bayan yaye, yana tsayar da ita sosai, har ma yafi furobayotik tabbas. Amma yawancinsa ta kashi yake fita, kashin nan kuma mu gonar citta da masara muke kaiwa, ƙarfe ne baya ruɓewa taruwa yake a ƙasa, kuma an ga yana taimaka wa wasu ƙwayoyin cuta su ƙara taurin kai, shi yasa Turai ta hana wannan babban awon a watan Yuni 2022. In ka wuce sati biyu kana basu sai cin abinci ya ragu. Ga wanda ke awo da gwangwanin madara bashi da sikeli, ni dai bana ba shi shawara.

Toh yanzu furobayotik ɗin kansa. Ma'anarsa kawai ƙwayoyin halitta masu RAI da in aka ci su da yawan da ya isa suke amfanar jiki, haka Hukumar Lafiya ta Duniya da ta Abinci suka fassara shi a 2001, kuma kalmomi biyun nan, rai da yawa, sune duk cinikin. Aikinsu a hanji shine su cika wuri su cinye abincin da mugayen zasu ci, wasu su saki tsami, wasu su ƙarfafa bangon hanji su zaburar da garkuwar jiki. Mafi yawan sojojin jiki ai a hanji suke zaune, shi yasa ake alaƙanta shi da juriyar cuta. Amma ba abu ɗaya bane, in ka juya bayan leda zakaga sunaye, kuma sunan da ka gani shi zai gaya maka ko kuɗinka zai dawo.

In kaga Lactobacillus, wannan dangin na cikin nono da kamu ne, shine ɗan gida na asali a hanjin ɗan alade, a takarda shi yafi dacewa dan tsami yake zubawa kai tsaye. Sai dai rago ne, zafi na kashe shi, damshi na kashe shi, iska ma tana rage shi. Ka tuna hanyar da ledar ta biyo, jirgin ruwa, tashar Legas, bayan tirela, sannan shago mai rufin kwano a watan Maris babu wuta babu firiji. Ni na taɓa sayen irinsa a wani shago, ledar tana jikin taga rana na dukanta har kalar rubutun ta koɗe, na zuba musu sati biyu cur ina jiran abin mamaki, wallahi da garin rogo na zuba duk ɗaya ne, kuma ba zan ce kamfanin yayi ƙarya ba, gawa na saya da kuɗina. In zaka saye shi sai inda kaga suna ajiya a sanyi, kwanan watan ƙarewa da nisa, ka buɗe ka gama da wuri.

In kaga Bacillus subtilis ko Bacillus licheniformis, wannan daban ne. Shi yana naɗe kansa cikin wani ɓawo mai tauri yayi barci, a haka yake jure zafi da bushewa har ma da injin da ke murza abinci ya zama ƙwaya-ƙwaya, sai ya isa hanji ya farka. Baya zama dindindin, baƙo ne mai wucewa, dan haka kullum sai an saka a abinci, ka daina ya ɓace cikin 'yan kwanaki. Yana kuma sakin sinadaran da ke taimakawa wajen narkar da abinci, wanda mu masu cika dusa da ƙwallon manja a haɗi muke buƙata. Ga mutumin da wutar NEPA ke ziyartarsa kaman baƙon shekara, in dai sayen na leda ne, ni wannan nake zaɓa ba tare da dogon tunani ba.

Na uku yis ne, zakaga an rubuta Saccharomyces cerevisiae ko boulardii. Fa'idarsa babba guda ɗaya da sauran basu da ita, shi ba bakteriya bane dan haka antibayotik baya kashe shi, kenan shine kaɗai zaka iya bayarwa a lokaci ɗaya da magani ba tare da kayi asara ba. Mutane da yawa suna zuba Lactobacillus da antibayotik a jarka ɗaya, kaman ka saka akuya da kura a ɗaki ɗaya ne ka rufe. Haka ruwan famfo mai warin kulorin, shima kashe su yake, bari ruwan ya kwana a buɗe tukuna. Yis yafi nuna kansa a wajen uwa, a fara ba ta a makonnin ƙarshe na ciki, cikin alade kwana 114 ne wata uku sati uku kwana uku, a ci gaba har lokacin shayarwa, dan 'ya'yan daga kan nononta da kashinta suke ɗaukan ƙwayoyin farko da zasu zauna a hanjinsu. Wani zai tambaya toh yis ɗin burodi fa? Dangi ɗaya ne amma ba iri ɗaya ba, kaman kace kare da kare, wani na farauta wani na kwanciya a ƙofa, kar ka sa rai zai yi aikin wanda aka zaɓo dan hanji.

Kowanne ka ɗauka duba abu uku a jiki, lambar NAFDAC, cikakken sunan ƙwayar, da adadin ƙwayoyi masu rai da ake rubutawa da haruffan CFU. Ledar da tace kawai "ƙwayoyi masu amfani" babu suna babu lamba, aje ta. Awon da aka saba a abincin aladu yana kaiwa wajen biliyan 1 a kowane kilo na abinci, kuma tunda garin kaɗan ne sosai kar ka juye shi cikin buhu kai tsaye, fara cakuɗa shi da mudu ɗaya, mudun da mudu biyar, a haka har ya game, in ba haka ba alade ɗaya zai cinye rabon goma. Sannan a fara tun suna ƙarƙashin uwa, cikin ɗan abincin da ake aje musu a gefe daga sati na biyu, a ci gaba har sati biyu zuwa uku bayan yaye. Ba a fafe gora ranar tafiya, wanda ya jira sai gudawa ta fara ya riga ya makara. Kuma kar in ɓoye, sakamakonsa ba ya da tabbas irin na antibayotik ko zink, a wata gonar zakaga bambanci ƙarara a wata kuma da ƙyar, ya danganta da irin ƙwayar da abincin da yanayin ɗakin, duk mai shagon da ya rantse maka ɗari bisa ɗari ciniki yake.

Sai mu dawo kan maganar Mama, wadda na daɗe ina rainawa. Jiƙa hatsi yayi tsami shima furobayotik ne, na gida, har manyan gonaki a Turai suna yi da tankuna da injina. Ƙwayoyin da ke tsamar da gasara da kamu dangin Lactobacillus ɗin nan ne da ake sayar mana da tsada, kuma a nan suna raye da ransu babu tirela babu rana. Ƙari akan haka tsamin da suka riga suka zuba a cikin abincin yana shiga tumbi ya cike gurbin wanda yaye ya ɗauke, in tsamin ya sauka ƙasa da 4.5 a takardar gwajin tsami ta pH, ƙwayoyin cuta irin su E. coli da Salmonella basa iya yaɗuwa a ciki. Kuma ɗan yaye yafi saurin karɓan abu mai ruwa-ruwa akan busasshen gari, wannan kaɗai yana rage kwanakin yunwar nan da ke fara lalata hanji. Kuɗinsa kuwa duron roba ne da ruwa.

Amma fa nan ne aka fi yin kuskure, dan jiƙo da tsami ba ɗaya bane. Awannin farko bayan ka zuba ruwa, kafin tsami ya kama, mugayen ne ke fara yawa. Wanda ya jiƙa da daddare ya bayar da safe a lokacin da abin yafi haɗari ya bayar. Yadda nake yi, garin masara ko dawa da dusa kawai nake jiƙawa, kashi 1 na gari ruwa kashi 2 zuwa 3, in zuba ruwan tsamin gasara a matsayin iri, in rufe ba gam ba dan iska ta samu hanyar fita, kwana 2 zuwa 3 lokacin zafi, da hunturu kuwa sai ya ƙara kwana dan sanyi na rage musu gudu. Waken suya da garin kifi da firimis (haɗin bitamin da ma'adinai) da laisin (sinadarin gina jiki) sai lokacin bayarwa nake haɗawa, in ka jiƙa su tare wari yake yi kuma ƙwayoyin suna cinye laisin ɗin da ka saya da tsada. In na ɗiba ina barin kusan rabi a duron in ƙara sabo akai, tsohon ya ja sabon da sauri. Hanci shine ma'auni, in yana ƙamshin koko toh, in ya koma warin ruɓa ko warin giya mai ƙarfi ko kaga fumfuna a sama, zubar ka wanke duron ka sake daga farko. Duron ƙarfe kuma a'a, tsami na cin sa. Wani abu kuma, masarar da ta riga tayi fumfuna a rumbu ko tunkuzar gyaɗa mai ɗaci, jiƙo baya wanke dafinta, kar ka yaudari kanka. Dusar burukutu da mutanenmu ke ba aladu tana da kyau ga manya, amma ga ɗan sati biyar ƙaiƙayinta yayi yawa kuma tana saurin lalacewa.

Kenan jiƙo yafi arha kuma a ganina yafi na leda ƙarfi in an yi shi daidai, sai dai yana son mutum ɗaya mai kula kullum. In yaro ne ke baka abinci yau, gobe ƙaninsa, jibi maƙwabci, sayi Bacillus ka huta, dan kuskure ɗaya a duro zai kwantar maka da ɗaki guda. Mai uwa biyu ko uku a bayan gida wanda shi ko matarsa ke tsaye akai, jiƙo. Mai uwaye ashirin da ma'aikata, Bacillus a abincin 'yan yaye, yis ga uwaye, antibayotik a kabad sai likita yace. Ni kaina yanzu haɗawa nake, jiƙo da rani, da damina kuma lokacin da aikin gona ya sha kaina in koma na leda.

Kuma ba kowace gudawa ce ta wannan layin ba, shekarun dabba na ba da amsa. Wadda ta zo a kwana biyu ukun farko bayan haihuwa yawanci ɗan bai sha dakashi sosai ba, shi alade ana haifarsa babu kariya ko kaɗan daga uwa, duk a dakashin ranar farko yake samu. Wadda ke zuwa tsakanin kwana 7 zuwa 14, kashi rawaya mai kauri kaman man shanu, sau da yawa ciwon hanjin da ake kira koksi ne, maganinsa toltrazuril tun suna 'yan kwanaki, furobayotik ko antibayotik na yau da kullum basa taɓa shi. Manya masu kashi da jini da majina wannan na likita ne. Ga tsutsar ciki, ga rashin allurar ayon ta ƙara jini a kwana na uku, ga sanyin siminti da hunturu musamman ku na Jos da Pankshin, ɗan alade da ya kwana yana rawar sanyi akan jiƙaƙƙen daɓe ko me ka zuba masa sai yayi zawo. Yaye da wuri ma haka, manyan gonaki na yi a kwana 21 zuwa 28 saboda suna da abinci na musamman mai madara, mu da ke da masara da waken suya gara mu bari su kai sati 6.

Abinda yafi ɓata min rai shine masu tallan da ke cewa furobayotik na ƙara garkuwa har ya kare daga zazzaɓin aladu na Afirka, wanda muke kira suwain fiba. Ƙarya ce tsagwaronta. Wannan bairos ne, bashi da magani, ya ɓarke a Najeriya a 1997 ta kudu maso yamma, a 2020 ya share aladu masu ɗimbin yawa a Oke-Aro da ke iyakar Legas da Ogun, kuma mu da ke kusa da kasuwar Katsit inda aladu ke haɗuwa daga ko'ina mun san yadda yake shiga gari. Tsamin jiƙo ma baya kashe shi, yana jure irin wannan tsamin, dan haka ragowar abincin gidan abinci ko na biki da ake kwasowa, in da ɗan nama a ciki, jiƙa shi ba zai tsarkake shi ba, sai dai a tafasa aƙalla minti 30 ana juyawa, ni na daina karɓa ma gaba ɗaya. In kaga manya na faɗuwa, zazzaɓi mai zafi, kunne da ciki sun yi ja sun koma shuɗi-shuɗi, kar ka tsaya zuba komai a ruwa, kar kuma ka ruga da sauran kasuwa, rufe ƙofa ka kira likitan dabbobi na ƙaramar hukuma, a cibiyar binciken dabbobi ta Vom ake tabbatar da shi. Sabon alade da ka sayo kuma ya zauna shi kaɗai nesa da sauran wajen wata ɗaya, da bokitinsa da tsintsiyarsa daban, kuma mahaucin da yazo taya ya tsaya a waje ka fito masa da wanda zai gani.